BABI NA UKU: INGANCIN HIDIMA A HANYAR SADARWAR KWAMFUTA, DA MISALI DAGA KARAYE DA ROGO

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan abin da masana sadarwar kwamfuta suke kira ingancin hidima, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan QoS. Za a dubi ma'anarsa, da ma'aunan da ake auna shi da su, da kuma dabarun da ake bi wajen samar da shi, gwargwadon yadda ake buƙatar ɗalibin da yake shirin zana jarrabawar shaidar ƙwarewa ya san su. Jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco mai lamba 200-301, wadda aka fara gudanarwa a watan Fabrairu na shekarar 2020, ta sanya wannan batu a cikin manhajarta, a sashen hidimomin IP wanda yake ɗauke da kashi 10 cikin 100 na jarrabawar. A nan ana so ɗalibi ya iya bayyana yadda ake rarrabe saƙonni, da sanya musu alama, da jera su a layi, da magance cunkoso, da datsewa, da kuma saisaitawa.

Abin da babin yake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Ingancin hidima ba ya ƙara wa hanyar sadarwa faɗi ko da na ƙwayar zarra. Aikinsa shi ne yanke hukunci a lokacin cunkoso: wane saƙo ne zai wuce, wane ne zai jira, wane ne kuma za a zubar. Ɗalibin da ya riƙe wannan, sauran lambobi da sunayen da ake haddacewa za su zo masa da sauƙi. Domin a kusantar da bayanin, za a riƙa kawo misalai daga yanayin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

3.1 Yanayin Sadarwa a Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, kuma su ne suka haɗu suka zama Masarautar Karaye bisa dokar da aka yi a shekarar 2024. Mafi yawan jama'ar yankin manoma ne da 'yan kasuwa, waɗanda suke zaune a garuruwa irin su Karaye da Yammedi da Kurugu da Rogo da Zarewa da Fulatan da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, hulɗar mutanen karkara da sadarwa take ƙaruwa, har ta kai ga wasu muhimman al'amuran rayuwa sun dogara a kanta. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ta yadda ɗalibin ƙauye ba shi da makawa sai ya bi ta intanet kafin ya nemi shiga jami'a. Haka kuma ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023 ya tura masu saye da sayarwa da yawa zuwa ga taransifa da na'urar POS. Ga kuma kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, wanda iyalai suke sada zumunci da shi da 'yan'uwansu da ke ci-rani a kudu ko a ƙasashen waje.

Sai dai manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suke kawo intanet ƙasar nan, irin su MainOne da Glo-1 na shekarar 2010 da Equiano na 2022, duk a gaɓar tekun Legas suka sauka. Kafin saƙo ya iso wayar manomi a Zarewa sai ya ratsa zanguna masu yawa, kuma zangon ƙarshe, wato daga ƙarfen sabis zuwa hannun mai waya, shi ne ya fi ƙunci. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na shekarun 2020 zuwa 2025 ma ya nuna wannan bambanci, domin ya sanya burin megabit 25 a sakan ga birane, megabit 10 kuma ga karkara. Ke nan matashin da ya tashi a wannan yanki, ya je birnin Kano ya koyi sadarwa a jami'a ko a cibiya irin Digital Bridge Institute, idan ya dawo gida abin da zai tarar shi ne ƙaramar hanya da jama'a masu yawa a kanta. A irin wannan wuri ne ilimin ingancin hidima ya fi amfani.

3.2 Ma'anar Ingancin Hidima

Duk saƙon da ya bi ta intanet, murya ce ko hoto ko rubutu, ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti. Kowane fakiti yana ɗauke da adireshin inda ya fito da inda ya nufa, kuma na'urar da ake kira rawuta ita ce take karɓarsa ta miƙa shi zuwa zango na gaba. Idan fakitocin da suke shigowa rawuta sun fi ƙarfin ƙofar da za su fita, sai ta tara su a ma'ajiya su jira. Idan ma'ajiyar ta cika, sai ta fara zubar da waɗanda suka zo daga baya. Wannan shi ne cunkoso.

Ingancin hidima, a fagen sadarwar kwamfuta, yana nufin dabarun da ake bi domin a bambanta tsakanin fakitoci a lokacin cunkoso, a ba kowane iri kulawar da ta dace da buƙatarsa. Idan babu cunkoso, yawancin waɗannan dabaru ba su da aikin yi, kamar yadda ba a buƙatar mai rabon ruwa a fadama a tsakiyar damina. Sai rani ya yi, manoma sun yi yawa a kan magudana ɗaya, sannan ake tsara wanda zai sha da safe da wanda zai jira yamma.

Ya kamata a bambanta wannan ma'ana da wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, take nufi da kalmar. Ita hukumar tana magana ne a kan sakamakon da kamfanonin waya suke bayarwa. Ƙa'idojinta na shekarar 2013, alal misali, sun buƙaci aƙalla kira 98 cikin 100 su shiga, kuma kada waɗanda suke yankewa su wuce 1 cikin 100. A watan Mayu na 2012 ta ci manyan kamfanoni huɗu tarar da ta kai Naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma'aunan da ta gindaya. Wannan duba ne daga waje. Abin da ake tambaya a jarrabawa kuwa shi ne aikin da ake yi a cikin rawuta.

3.3 Ma'aunan Ingancin Hidima

Masana sun tsayar da abubuwa huɗu da ake auna lafiyar hanya da su.

(a) Faɗin hanya. Shi ne yawan bit da hanya take iya ɗauka a sakan ɗaya, kuma ana lissafa shi da kilobit ko megabit. Abin lura a nan shi ne hanyoyin da ake samu a karkara galibi ɓangaren saukowa ya fi ɓangaren turawa faɗi, don haka cunkoso yakan fara ne daga ɓangaren turawa.

(b) Jinkiri. Shi ne lokacin da fakiti yake ɗauka daga mai turawa zuwa mai karɓa, ana auna shi da milisakan, wato ɗaya bisa dubu na sakan. Shawarar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya mai lamba G.114 ta nuna cewa zance yana tafiya daidai idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba. Da zarar ya zarce haka sosai, masu magana sukan fara katse juna. Jinkiri yana da tushe iri-iri. Akwai na nisa: haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin wayar fayiba, don haka tafiyar kilomita 1,000 milisakan 5 ce kacal. Amma tauraron ɗan'adam mai tsayawa wuri ɗaya yana nisan kilomita 35,786 ne daga ƙasa, hawa da sauka kawai suna cin kusan milisakan 240. Akwai jinkirin ɗora fakiti a kan waya: fakiti mai bayit 1,500 yana cin milisakan 12 a hanya mai megabit 1. Sannan akwai jinkirin jira a layi. Daga cikin waɗannan, na jira a layi ne kaɗai dabarun ingancin hidima suke da cikakken iko a kansa.

(c) Saɓanin jinkiri. Wato fakiti na farko ya iso cikin milisakan 40, na biyu cikin 120, na uku cikin 55. Na'urar mai karɓa tana riƙe fakitocin murya na ɗan lokaci domin ta jera su daidai, amma wanda ya makara ƙwarai watsar da shi take yi. Wannan ne yake sa a ji murya tana tsinkewa. Littattafan Cisco suna ba da shawarar kada saɓanin ya wuce milisakan 30 ga murya.

(d) Zubewar fakiti. Shi ne adadin fakitocin da suka ɓace a hanya. Ga murya, ba a so ya wuce 1 cikin 100.

Buƙatar saƙonni game da waɗannan ma'aunai ta bambanta. Murya ba ta cin faɗin hanya da yawa. Tsarin G.711 yana tura fakiti 50 a sakan, kowanne da bayit 160 na murya da bayit 40 na bayanan kai, jimla bayit 200, wanda ya kama kilobit 80 a sakan. Amma murya ba ta jure jinkiri, kuma fakitin da ya ɓace ba a sake turo shi, domin kalmar da ta zo bayan zance ya wuce ba ta da amfani. Sauke fim kuwa akasin haka ne. Yana cinye duk faɗin da ya samu, amma idan ya yi jinkirin sakan biyu babu wanda zai lura, kuma ƙa'idar TCP tana sake turo duk abin da ya zube. Wannan bambanci shi ne ya sa rabon ya yiwu: ana iya fifita murya ba tare da an cutar da mai sauke fim ba.

3.4 Tsare-tsare Uku

An san tsare-tsare uku a tarihin wannan fanni. Na farko shi ne tsarin iya-ƙoƙari, wanda intanet ta taso a kansa, inda kowane fakiti daidai yake da ɗan'uwansa kuma ba a yi wa kowa alkawari ba.

Na biyu shi ne IntServ, wanda aka bayyana a takardar RFC 1633 ta shekarar 1994. A wannan tsari, kafin a fara magana sai an aika saƙo ta ƙa'idar RSVP ya bi duk rawutocin da ke kan hanya yana kama wuri, kamar mai kama kujera a mota tun kafin ranar tafiya. Alkawarinsa tabbatacce ne, amma kowace rawuta dole ta riƙe lissafin kowace magana, abin da ya yi nauyi ga manyan hanyoyi masu ɗauke da dubban ɗaruruwan maganganu.

Na uku shi ne DiffServ, wanda takardun RFC 2474 da 2475 na watan Disamba 1998 suka kafa. A nan ba a kama wa kowa wuri. Ana kasa saƙonni ne zuwa azuzuwa kaɗan, a sanya wa kowane fakiti alamar ajinsa, sannan kowace rawuta ta duba alamar ta yi masa abin da aka tsara mata. Wannan shi ake kira halin kowane zango, kuma a kansa ne tambayoyin CCNA suka fi tsayawa. Ma'anar sunan ita ce kowace rawuta hukuncin kanta take yankewa. Idan zango ɗaya bai san da alamar ba, fifikon ya tsaya a nan.

3.5 Dabarun Samar da Ingancin Hidima

Domin bayanin ya fito fili, a ɗauka akwai wani shagon kwamfuta a garin Karaye mai hanyar intanet ɗaya, megabit 10 na saukowa da megabit 2 na turawa. A cikin shagon akwai ɗalibai masu cike takardun neman makaranta, da wani mai tura bidiyon biki, da kuma mai shagon da yake magana ta wayar intanet. Da wannan misali za a bi dabarun ɗaya bayan ɗaya.

3.5.1 Rarrabewa da Sanya Alama

Rarrabewa ita ce gane irin fakiti, ta hanyar duba adireshinsa, ko lambar ƙofar da ya bi, ko manhajar da ta turo shi. Bayan an gane shi sai a sanya masa alama, domin kada rawuta ta gaba ta sake wahalar bincike.

Tun a shekarar 1981, takardar RFC 791 ta ware bayit ɗaya a kan fakitin IP domin nuna irin hidima, inda bit 3 na farko suke nuna daraja daga 0 zuwa 7. Tsarin DiffServ ya faɗaɗa wurin zuwa bit 6, aka kira shi DSCP, wanda yake ba da lambobi 64. Waɗanda ake so ɗalibi ya sani su ne: 0 ga saƙon da ba shi da fifiko, EF mai lamba 46 ga murya, CS6 mai lamba 48 ga saƙonnin da rawutoci suke yi wa juna, sai rukunin AF, wanda yake da aji huɗu, kowane aji da matakin zubarwa uku. Ba sai an haddace lambobin AF goma sha biyu ba. A ninka lambar farko sau 8, ta biyu sau 2, a haɗa. Misali AF41, wanda ake ba bidiyon tattaunawa, ya zama 32 da 2, wato 34. Wurin da ɗalibai suke yawan kuskure shi ne lamba ta biyu: girmanta yana nufin saurin zubarwa ne, don haka za a zubar da AF13 kafin AF11.

A cikin gida kuma, tsakanin siwic da siwic, akwai alamar CoS mai bit 3 da ke cikin tambarin 802.1Q, inda ake ba murya lamba 5. Wannan alama ba ta tsallake rawuta, ita kuwa DSCP tana tafiya tare da fakiti.

Akwai kuma batun iyakar amana. Idan aka bar kowace kwamfuta ta sanya wa kanta alama, mai tura bidiyon biki yana iya yi wa fakitocinsa lamba 46, kuma idan kowa ya zama sarki babu sauran talaka. Saboda haka ake tsayar da wurin da za a fara yarda da alama, galibi a siwic na farko ko a wayar IP da mai kula da hanya ya sani, a goge duk alamar da ta fito daga bayan wannan iyaka.

3.5.2 Jera Layi

Mafi sauƙin layi shi ne FIFO, wato wanda ya fara zuwa shi zai fara fita. A koma ga shagon Karaye. Mai tura bidiyo ya cika ma'ajiyar rawuta da fakiti 100, kowanne bayit 1,500. A hanya mai megabit 2, kowane fakiti yana cin milisakan 6, don haka fakitin muryar da ya zo ya tarar da wannan layi zai jira milisakan 600, ninki huɗu na iyakar da G.114 ta nuna, tun kafin ya bar shagon. Mai shagon zai ce sabis ne ba shi da kyau, alhali matsalar tana kan teburinsa.

Layin fifiko tsantsa yana magance wannan ta hanyar sallamar babban aji kafin a waiwayi na ƙasa, sai dai yana iya barin ƙananan azuzuwa da yunwa idan babban ajin bai ƙare ba. Tsarin CBWFQ yana ba kowane aji kason da aka yi masa alkawari, ana zagayawa a kansu bi da bi, amma bai hana murya jiran zagayowar nata ba. Tsarin LLQ ya haɗa biyun: layi ɗaya na fifiko domin murya, wanda aka ƙayyade masa iyaka, sauran azuzuwa kuma suna cin kasonsu. Da wannan tsari, jiran fakitin murya a layin shagon zai sauko daga milisakan 600 zuwa abin da bai fi kaɗan ba, shi kuwa mai bidiyo abin da zai rasa kilobit 80 ne daga cikin 2,000.

Shawarar Cisco ita ce kada layin fifiko ya wuce kashi 33 cikin 100 na hanya. A megabit 2 wannan ya kama kilobit 660, wato kira 8 na G.711 bisa lissafin da ya gabata. Idan kira na tara ya shigo, duk taran ne za su lalace, domin iyakar ba ta san na wanda take zubarwa ba. Shi ya sa ake haɗa LLQ da tsarin da yake hana sabon kira shiga idan layi ya cika.

3.5.3 Datsewa da Saisaitawa

Waɗannan dabaru biyu suna hana saƙo wuce adadin da aka yarje masa, kuma bambancinsu yana yawan fitowa a jarrabawa. Datsewa tana zubar da abin da ya haura iyaka nan take, ko ta rage masa darajar alama. Ba ta ƙara jinkiri, kuma ana iya yin ta a ƙofar shiga ko ta fita. Saisaitawa kuwa tana riƙe rarar a ma'ajiya ta riƙa sakinta a hankali, don haka tana rage zubewa amma tana ƙara jinkiri, kuma a ƙofar fita ake yin ta. Mutumin Karaye ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a shekarar 1992 aikin saisaitawa take yi: tana tare ruwan damina ta riƙa sakinsa da awo.

A al'ada kamfani mai sayar da intanet shi ne yake datsewa, mai saye kuma ya saisaita. Dalilin yana da muhimmanci. Rawutar shagon tana haɗe da na'urar kamfani ta waya mai megabit 100, don haka a ganinta babu cunkoso, kuma LLQ ba zai motsa ba. Layin yana taruwa ne a na'urar kamfani, inda mai shago ba shi da ta cewa. Idan ya saisaita turawarsa zuwa ƙasa kaɗan da abin da ya saya, misali megabit 1.8, sai layin ya dawo cikin rawutarsa, inda tsarinsa yake aiki. Ya sadaukar da kilobit 200 domin ya mallaki hukuncin wanda zai jira.

3.5.4 Kauce wa Cunkoso

Idan aka bari ma'ajiya ta cika sannan aka fara zubarwa daga wutsiyar layi, masu turawa ta TCP duk sukan rage gudu a lokaci ɗaya, hanya ta zama fayau, sannan su sake tasowa tare su cika ta. Domin magance haka Sally Floyd da Van Jacobson suka fito da dabarar RED a shekarar 1993, inda rawuta take fara zubar da fakiti jefi-jefi tun kafin ma'ajiya ta cika, domin wasu su rage gudu wasu su ci gaba. Tsarin WRED ya ƙara duba alamar fakiti, a nan ne matakan zubarwa na AF suke aiki. Ba a amfani da wannan dabara a layin murya, domin murya ba ta rage gudu idan an zubar mata. Daga baya an gano cewa ma'ajiya mai girma fiye da kima ita kanta cuta ce, abin da ya haifar da CoDel a shekarar 2012 da FQ-CoDel da aka bayyana a RFC 8290 ta 2018, wanda ake samu a ƙananan rawutoci da yawa.

3.6 Iyakar Abin da Ingancin Hidima Zai Iya

Akwai abubuwan da ɗalibi ya kamata ya sani domin kada ya yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Na farko, alamar DSCP tana aiki ne a cikin hanyar da mutum yake iko da ita. Kamfanonin intanet galibi ba sa la'akari da alamar mai saye, wasu ma goge ta suke yi, sai idan akwai yarjejeniya. Na biyu, ikon mai shago a kan saƙon da yake saukowa kaɗan ne, domin kafin ya gan shi ya riga ya ratsa ƙuntatacciyar hanyar. Na uku, na'urar POS mai aiki da layin waya na kanta ba ta bi ta rawutar shago, makomarta tana hannun ƙarfen sabis ne, inda kamfani yake da nasa tsarin. A fasahar 4G ana kiran tsarin QCI, kuma lamba 1 ake ba kiran murya, lamba 9 kuma galibi ita ce ta intanet na gama-gari. Idan jama'a suka taru ranar kasuwa a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, babu abin da mai shago zai saita ya canza wannan.

Na huɗu, babu dabarar da take aiki a kan hanyar da ta yanke. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka tangaɗa a Nijeriya da maƙwabtanta. Haka abin yake idan wuta ta ɗauke a ƙarfen sabis ko aka tsinke fayiba wajen aikin titi. Sannan idan cunkoso ya zama na kullum, safe da yamma, magani shi ne a ƙara faɗin hanya, domin rabo ba ya ƙosar da mutum goma da tuwon mutum biyu.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana ingancin hidima a matsayin hukuncin da rawuta take yankewa a lokacin cunkoso. An kawo ma'aunai huɗu, da tsare-tsare uku, da dabarun da jarrabawar CCNA take tambaya a kansu, aka gwada su a kan hanya mai megabit 2 irin wadda ake iya samu a Karaye ko Rogo. Lissafin ya nuna cewa jinkirin milisakan 600 yana iya faruwa a cikin shago ɗaya, kuma ana iya kawar da shi ba tare da an sayi ƙarin faɗi ba, muddin layin yana taruwa a wurin da mai kula da hanya yake da iko.

Dangane da haka, ana ba ɗalibi shawarar ya riƙa yi wa kowace dabara tambayoyi uku kafin ya haddace lambarta: a ina layi yake taruwa, wa aka fifita, wa kuma ya biya kuɗin wannan fifiko. Haka kuma ya gwada abin da hannunsa, ya auna jinkiri da umarnin ping a lokacin da hanya take sake, ya sake aunawa a lokacin da ake tura babban fayil, ya rubuta bambancin. Babi na huɗu zai dubi yadda ake saita waɗannan dabaru a kan rawuta mataki-mataki.